Idon Tsohuwa

Motar da Baba ya bar mini ta girme ni da shekara biyu.
A tashar Tawa ba mai kiran lambarta,
Tsohuwa ake ce mata.
Inji lafiya, ƙafa huɗu lafiya,
ido ne ya tafi.

In dare ya riske mu tsakanin Badagishiri da gida
haskenta kamar kunun tsamiya da ya zube a kwalta,
taku goma, duhu ya lashe.
Da tunani nake tuƙi, ba da gani ba:
nan rami, nan gada, nan kwanar da ke cin taya.

Ran nan raƙumi ya kwanta tsakiyar hanya yana tuƙa,
ban gan shi ba sai da na ga haƙoransa.
Birki ya yi kururuwa,
buhun albasa ya fashe a kan fasinja,
karen motata ya ciji harshe.
Raƙumin ko motsi bai yi ba.

Da safe na kai ta wurin Tankari mai haɗa waya,
bayan kasuwa, gindin bedi.
Ya shafa gilashin da babban yatsa, ya ce,
"Yana ce, irin ta tsofaffi."
Sai na tuna Baba a asibitin Galmi
ranar da aka ɗaye masa auduga daga ido,
ya dube ni, ya daɗe, ya ce, "Ashe ka yi gemu?"

Samfefa da ruwa, samfefa da ruwa,
sannan man goge haƙori a tsumma,
har gilashi ya fara nuna mini fuskata.
Ya bi waya da hannu kamar mai laluben jijiya.
"Wuta na barin batir da ƙarfinta," in ji shi,
"ta bi makunni, ta bi tsatsa, ta bi ƙullin da wani ya yi tun kana goye,
kafin ta iso ido ta gaji.
Guga mai yoyo ka ke ja."

Ya sa waya mai kauri, rale biyu, fizibil sabo,
ya kankare mas har ƙarfe ya yi fari,
ya kwance ampul biyu daga kwalinsu
bai bar yatsa ya taɓa kwalbar ba.
Jika goma sha biyu. Ya mayar mini ɗaya, na shayi.
"Tsaya magariba mu daidaita ta a bango."
Ni da lodi ke jira? Na ja mota.

Wayyo daren nan!
Na ga idon zomo, na ga leda a kan ƙaya,
na karanta dutsen kilomita tun daga nesa,
na ga ramukan da na sani da ƙugu, ban taɓa sani da ido ba.
Har waƙa na yi.

Sai mai babur ya sauka hanya, ya nutse a rairayi.
Babbar mota ta watso mini nata, ta bi ni da zagi.
Can wani dattijo a kan amalanken jaki
ya ɗaga hannu ya kare fuska,
daidai yadda Baba ya yi a ƙofar asibiti
da rana ta faɗo masa.
Waƙar ta maƙale.

Washegari da magariba muka tsai da ita gaban bangon garaji.
Tankari ya ja layi da gawayi, ƙasa da ƙuguna,
ya juya noti kaɗan, ya ƙara kaɗan,
hasken ya sunkuya, ya sunkuya,
kamar yaro gaban surukai.
"Hanya ake haskawa," ya ce, yana goge hannu a wando.
Bai karɓi ko dala ba.

Jiya na hango raƙumin tun daga gada,
yana nan inda yake, yana tuƙarsa.
Na rage wuta, na kewaye shi,
karen motata ya leƙo ta taga ya yi masa sallama.