Bashin Inuwa

Shekara goma sha tara ina sayar da gawayi
a bakin Mayo Kaliyawo, nan Marwa,
inda yashi ya fi ruwa daɗewa.
Ƙirya, marke, kanya,
na san kukan kowace in za ta faɗi.
Hannuna bai taɓa fita ba.
Ko ranar sunan 'yata Dudu
da baƙin farce na raba goro.

Sai ga Jenabu daga ofishin magajin gari
a kan wani babur mai tari.
Ta ce, Baba Gambo, ana neman masu ban ruwa.
Na ce, 'yar nan, kin yi ɓatan kai,
ni ai mai kashewa ne.
Ta ce, wanda ya san makasa
shi ya san inda rai yake.

Suka ba ni darbejiya ɗari da ashirin,
ba wadda ta kai gwiwata,
an jera su daga gada har cikin Domayo.
Suka ba ni kura mai jarka shida
da rijiyar da rana ke ja wa ruwa.
Faranti huɗu ne a kan ƙarfe,
baƙi wuluk kamar hajata ta dā,
sai dai ba hayaƙi, ba toka.
Na tsaya kallo har aka kira azahar.
Wutar da na bi daji ina nema da gatari,
ashe tana bisa kaina
tana gasa mini ƙeya kyauta.

Kada in yi ƙarya, tsufa ya zo.
Albashi da ɗingishi yake isowa,
sefa dubu ashirin da biyar, wani lokaci sai an tsallake wata.
In na tambaya, a ce takardar tana kan tebur.
Tebur kuwa, ƙafa huɗu gare shi,
amma ban taɓa ganin ya taka ba.
Awakin Hamajoda sun cinye mini goma sha ɗaya.
Na kai ƙara, aka ce in kawo shaida,
shaidar kuwa tana cikin akuya.
Fitilu uku na bakin titi sun mutu tun damina,
wani ɗan albarka ya kwance batir.

A gida an kawo wa Asta murhun nan mai cin itace kaɗan.
Ta yi mako guda tana zaginsa.
Yanzu ta daina tarin asuba.
Ba ta ce komai ba,
ni ma ban tanka ba.

Ran nan Sali ya zo da dare, ya kashe mota daga nesa.
Ya ce akwai marke bayan dutsen Mindif,
buhu ya kai dubu tara, Gambo, dubu tara!
Na ce ya ba ni zuwa safe.
Na kwana ina lissafi da yatsu,
kuɗin makarantar Dudu, kwanon da ke yoyo,
gatarina na ƙarƙashin gado, ina jin sanyinsa ta katifa.
Da gari ya waye ban yanke komai ba.
Ƙafata ce kawai ta saba,
na tsinci kaina ina tura kura.

Ta talatin da bakwai, wadda ke gaban shagon tela,
ita ta fara wuce ni tsawo.
Inuwarta ba ta fi faifai ba.
Jiya na tarar da wani ɗan acaɓa
ya cusa kansa a ciki, sauran jikinsa duk a rana,
yana barci da baki buɗe.
Na zuba ruwan a hankali kada ya farka.

Ban san adadin da na kayar ba,
ba a rubuta wa daji rasit.
Waɗannan dai ɗari da tara ne suka rage.
In an ce mini sannu da taimako
sai in ce a'a, bashi nake biya,
kuma mai bin bashin bai taɓa yi mini magana ba.

Dudu ta kama hannuna da safe,
ta juya shi, ta sake juyawa,
ta ce, Baba, ashe farcenka fari ne.