Koma a Kan Katanga

Wata bakwai komata na rataye a katanga,
har gizo-gizo ya saƙa tasa a cikin tawa.
Kogin Nilu na nan inda na bar shi, gabas da Mai Wurno,
ni ne na janye, kamar ruwan rani.

Ba wanda ya mutu mini.
Abin da ya ɗaure wa mutane kai ke nan.
Kwale-kwalena lafiya, bashi babu,
ga dawa a buhu, ga yara a makaranta,
amma da asuba sai in ji ƙirjina
kamar an jibge masa jiƙaƙƙen yashi.
Kisira da miyar kuɓewa, a bakina takarda.
Barci ya zo ƙarfe ɗaya, ya tafi ƙarfe uku,
ya bar ni ina ƙirga azarar ɗaki.

Kawu Siddiƙu ya ce raunin imani ne.
Na ƙara nafila har goshina ya yi kanta.
Maƙwabciya ta ce kambun baka, ta kawo turare.
Abokan kamun kifi suka ce, "Kai fa namiji ne, tashi!"
Kowa da maganinsa a baki, ni kuwa
ko takalmina nauyi yake yi mini.

Ranar da na ce wa matata Ihsanu,
"Da babu ni, da kun huta,"
ba ta yi kuka ba. Ta sauke jabana daga kan gawayi,
ta yafa mayafi, ta sayar da awarwaro guda,
muka hau motar Madani.

Likitar, Tahani sunanta, ba ta yi gaggawa ba.
Ta jefa tambaya, ta zauna jiran amsa
kamar masuncin da ya san halin ruwa.
Can ta ce, "Ciwo ne, kuma yana da suna.
Yadda sukari kan rikice a jini,
haka yanayin rai kan karkace, ya ƙi komawa.
Ba lalaci ba ne, ba ƙarancin salla ba ne.
Riƙe addu'arka, ka haɗa da wannan."
'Yar ƙwaya, ko wake ya fi ta girma.
"Za a yi makonni kafin ka ji bambanci.
Kada ka yar. Ka riƙa dawowa muna magana."

Mako uku ina ƙaryata ta a zuci.
Baki ya bushe, kai ya yi jugum.
Sai wata Talata, Ihsanu na daka gahawa da citta,
na ji ƙamshin.
Shi ke nan. Ƙamshi kawai.
Na zauna ina shaƙa kamar baƙo a gidana.

Ban gama warkewa ba, kada in yi muku ƙarya.
Akwai safiyar da yashin kan dawo,
sai dai yanzu na san sunansa, na san ba ni ba ne.
Nakan taka zuwa bakin ruwa ko ban so,
in gaida mutum biyu, in dawo.

Jiya na sauke komar. Huda goma sha ɗaya.
Ɗana Mahajub ya riƙe mini gefe,
na ɗinke uku kafin magariba.
Kawu Siddiƙu ya zo wucewa, ya tsaya, ya daɗe,
sannan ya ce ƙasa-ƙasa, idonsa a kan zaren:
"Likitar nan taku, wace rana take zama?"