Gurbin Suna

Gorar ta zo daga kudu a kan motar gawayi,
ta yi wata huɗu a ƙarƙashin rufina tana shan inuwa.
Na gasa ta a bakin wuta, gaɓa bayan gaɓa,
na danna ta a gwiwa har ta bar gardama ta miƙe.
Yau saura abu guda:
faɗin yatsu huɗu sama da mariƙi,
inda mai ita zai sa hannu.

Gora ba ta son tawada.
Santsi gare ta kamar bayan tarwaɗa,
ka ɗiga baƙi, ya dunƙule, ya gangara, ya bar ka da kunya.
Sai na ɗaure iyaka biyu da zare,
na ɗauko samfefa mai laushi wadda ta tsufa a aljihuna,
ina lallashi, ba kankara ba.
Wanda ya wuce fata ya kai ga tsoka ya kashe sanda,
ranar da giwan ruwa ya ja, ta nan za ta karye.
Ƙyalli kawai nake cirewa.
Na hure garin, na goge da tsumma,
daga nan ko ni ban ƙara taɓa wurin ba,
don maiƙon yatsa ma abokin gabar rubutu ne.

Sallau ya iso bayan la'asar, ƙarnin tafkin Lagdo a rigarsa,
jikarsa Azumi na biye da kwalbar tawada.
Shekara sittin da ɗoriya
babban yatsansa ne ke magana a madadinsa:
a takardar harajin jirgi, a gaban jandarma,
a littafin bashin mai sayar da taru.
Duk inda aka ce sa hannu, sai wani ya kama hannun nasa
ya dangwala masa, kamar ba shi a wurin.
Ya ce, Barmo, yatsa ai kowa na da shi,
har biri.

Tun damina yarinyar ke koya masa a kan yashi
in ta taso daga lakwal,
ya zana, ruwa ya lashe, ya sake.
Harafin farko, in ji shi, ƙugiya ce.
Biyun tsakiya sanduna ne kafe a gaɓa.
Na ƙarshe kwale-kwale ne in ka dube shi ta goshi.

Na ba shi guntun gora ya gwada. Ya ƙi,
wai ba a gaya wa kifi ranar zuwa.
Na kwantar da sandar a kan buhu, na riƙe ta kada ta mirgina.
Hannun da ya taɓa jawo kifi mai nauyin ɗan maraƙi
ya kama alƙalami yana rawa.
Injin niƙa bai tsaya ba, mai ƙanƙara bai daina kira ba,
mu uku ne kawai muka manta da numfashi.

Ƙugiyar ta fito da ƙaton ciki.
Sandunan biyu, ɗaya ta jingina da 'yar'uwarta.
Can wajen ƙarshe alƙalami ya yi tuntuɓe da jijiyar gora,
ɗigo ya faɗi inda ba a gayyace shi ba.
Azumi ta miƙo tsumma.
Ya ce, bar shi, abincin ƙugiyar ne.

Na ce sai jibi, tawada na son kwana
kafin a lulluɓe ta da man ƙyalli,
in ka yi gaggawa suna ya narke ya zama hayaƙi.
Ya shafa mariƙin, ya yi sallama.

Da safe na fito da ita haske.
Ga sunan, ya bushe, a karkace, nasa.
Ƙasa kaɗan, inda ya shafa,
ga tsohon yatsan ya biyo shi da baƙin sawunsa,
ya ƙi a bar shi a gida.
Na daɗe da tsumma a hannu.
Sannan na tsoma gashin zakara a mai,
na rufe su duka biyun.