An Kunna?

Sha ɗayan dare ta gota a Titin Gidan Zoo,
masu shayi sun fara kife kofuna,
ni ko ina shago, hawa na biyu,
ni da Malam Tanimu mai gyaran rediyo,
yana ta motsa baki a allon kwamfuta,
ba ko tari.

Kwana talatin da takwas da rasuwarsa.
Ɗansa Nafi'u ya zaro filashi daga aljihun gaba,
ya ce, minti tara ne kacal,
duk duniya nan kaɗai muryar Baba ta rage,
jibi dangi za su taru a Gwammaja,
a haɗa mana da hotunansa.
Na ce, wannan ai shan ruwa ne.
Bakina ya ja mini.

Ga zanen muryar a ƙarƙashin hoto,
kore shar, tudu da kwari kamar kunyoyin gona,
ido ya ƙoshi, kunne na azumi.
Na zare waya, na hure, na mayar.
Na murɗa lasifika har ƙarshe,
sai huci,
irin na tukunyar da ruwanta ya ƙone.

Sagiru ya ɗago kai daga benci:
Oga, ko dai mutanen ɓoye ne?
Na ce, su ne ka saukar ranar Talata,
da ka jona sabon akwatin sauti,
ka danna na-yarda ba ka karanta ba.

Direba biyu, mota ɗaya.
Wanda ya zo da kwamfutar ya rungume sitiyari,
baƙon ya ce shi aka ɗauko,
manhajar tace hoto ta tsaya sororo
kamar fasinja a shataletalen Dangi
in 'yan adaidaita biyu sun haɗa goshi,
kowa ya kashe inji, ya naɗe hannu.

Na sallami baƙon. Na kashe, na kunna.
Murya ta zo, amma ba tasa ba,
siririya, mai gaggawa,
tana riga leɓe isa ƙarshen zance.
An naɗe shi a dubu arba'in da huɗu da ɗari,
injina na ƙirga arba'in da takwas.
Ashe lissafi kan mai da dattijo yaro
bayan an binne shi.

Sai wuta ta ɗauke.

Sagiru ya sauka jan janareta,
ja ɗaya, ja biyu, tsaki, ja uku.
A duhun na tuna ina ɗan firamare,
na kai rediyon babanmu Sabon Gari.
Tsohon nan bai taɓa sukudireba ba
sai da ya kara ta a kunne, ya lumshe ido.
Ya ce, yaro, ba ta mutu ba,
wani abu ne ya tare mata hanya.

Wuta ta dawo. Na gyara lissafi. Na danna.
Shiru kuma.
Na dafe kai, zufa na bin ƙeya,
Sagiru ya zo ya tsaya a bayana,
sai na ji ƙus-ƙus, kamar ƙwaro a buhun wake.
Na ce, kar ka motsa.

Daga aljihunsa ne.
Ɗan abin kunnensa mara waya
ya kama kwamfutar tun tana farkawa,
ya janye Malam Tanimu gaba ɗaya,
yana ta bayani tsakanin goro da canjin ɗari biyu.

Ban yi faɗa ba. Dariya ma ta ƙi fita.
Na raba su, na bar hanya ɗaya,
direba ɗaya, lamba ɗaya,
na ja hoton baya zuwa farko.

Tsohon ya gyara hula,
ya dubi wanda ke riƙe da waya,
leɓe da murya suka taso tare,
kakkaura, da ɗan kaushin mai shan asuba da sanyi:

An kunna?

Ni da Sagiru, ƙarfe ɗaya saura,
muka ce, an kunna, Baba.