Makulli Guda, Ƙofa Uku

Shekara talatin da biyu na sha ƙurar allo
a wata makaranta bayan Ƙofar Sauri,
ina ɗura wa 'ya'yan mutane Turanci.
Akwai kalmar da nake rubutawa da jan alli:
adimit.
Nakan ce, yara, ku dube ta da kyau,
Bature ya yi rowar baki,
ƙofa uku ya kulle da makulli guda.
Da ita ake ɗaukar ɗalibi,
da ita ake kwantar da majinyaci,
da ita mai gardama ke sauke kai.
Su kwafa, in ba da maki, a kaɗa ƙararrawa.
Ban san ukun suna jira na a mako ɗaya ba.

Ran Litinin Marsiyya ta faɗo gida ba sallama,
takalmi ɗaya a zaure, ɗaya a ƙafa:
Baba, sunana ya fito!
Uwarta ta rangaɗa guɗa har kaji suka watse.
Wannan ƙofar ba ta da nauyi,
iska ma tana buɗe ta.

Ran Laraba aka aiko daga Rafindaɗi:
Sada ya faɗi a kan kekensa na ɗinki,
yana Babban Asibiti, an ba shi gado.
Gado.
Ashe mu ma muna da tamu rowar.
A takarda, wanda ake kwanciya a kai
da wanda ake rabawa bayan an dawo daga kushewa
ba ka bambance su,
sai baki ya ja ɗaya, ya saki ɗaya.
Shi na biyun ne ya raba ni da Sada,
ciki ɗaya, nono ɗaya,
shekara shida ko gaisuwar Salla.
Taku uku na fili.
Na ce iyaka na gindin darbejiya,
ya ce tana bakin rijiya.
Ranar da nake haƙa harsashin katanga
magirbi ya ci karo da dutsen da Baba ya binne,
a bakin rijiya.
Na waiga dama, na waiga hagu,
na mai da ƙasa.

A ƙofar asibiti maigadi ya gitta sanda:
ziyara sai ƙarfe huɗu.
Ya ƙura mini ido, na ƙura masa.
Yawale ne, sarkin makara na aji biyu,
wanda nakan shanya a rana bakin aji
sai ya nemi izinin shiga da Turanci mai kyau.
Ya ce, Malam, ban ji ka tambaya ba.
Na tambaya, da hulata a hannu.
Ya yi dariya har sandar ta faɗi.

Gado na tara, kusa da taga.
Ƙanena ya zama tsinke,
ruwa na ɗiga cikin jijiyarsa kamar mai ƙirga bashi.
Na so in faɗa da Turanci,
don harshen aro ba ya jin kunya,
rigar wani ce, ko ta ɓaci ba taka ba.
Amma Sada allura ya karanta.
Kalmar da na koyar shekara talatin da biyu
ta tsaya mini a wuya kamar ƙayar kifi.
Na ce, Sada.
Na ce, dutsen nan.
Na ce, gaskiyarka.

Bai buɗe ido ba.
Ya ce, ina kan katangar Alhaji Ilu ran nan,
ina gyara indararo,
na ga ka rufe shi.
Fanka ta juya sau bakwai.
Ya ce, shekara shida kana tsaye a zaure, Yaya.
Ƙofar ba ta da sakata.
Sallama kawai ake jira.

Sannan ya matsar da ƙafarsa kaɗan,
ya bar mini gefen gadon,
bai kai taku uku ba,
na zauna.