Agogunan Ragib

A wani lungu na Sarajevo,
inda titin dutse ke gangarawa kogin Miljacka,
nan gidan abincin Ragib yake.
Babu allo a ƙofa. Ƙamshin albasa ke yi maka maraba.

Kujera tara, babu biyu masu kama da juna.
Ta jikin taga tana ɗingishi,
ya tokare ta da tsohon kundin bashi.
Teburin tsakiya ƙyauren wani gida ne a da,
ramin makullin na nan har yau,
ta nan gishiri ke zurarewa.

A bango agogo goma sha ɗaya,
kowanne ya tsaya inda ya gaji.
In ka tambayi lokaci, sai ya ɗaga murfin tukunya:
"Wake bai nuna ba tukuna."

Ran Lahadi tun asuba yana kasuwar gwanjo,
yana shafa tagulla kamar mai lallashin jariri.
Matarsa Munevera na ƙirga kuɗin gas,
tana cewa, "Tsatsa za mu ci bana?"
Shi ko ya shigo da fitila marar gilashi,
fuska fal, ya tsinci dami a kala.

A ɗakin nan murya kan sauka da kanta.
Samari su kife wayoyinsu,
cokali mai nauyi ya koya wa hannu haƙuri.
Miyar da ke kwanon da ya girme ka
ba a shan ta a tsaye.

Wata Alhamis, ƙanƙara na zuba,
wata mata ta shigo, gahawa kawai ta nema.
Idonta ya maƙale can saman kabad,
kan maniƙar gahawa mai lotsattsen gindi.
Ta ce, "Ni na yar da ita, ina 'yar shekara shida.
Mama ta rabu da ita lokacin yaƙi,
kan garin alkama kilo biyu."
Ta soma buɗe jaka.

Ragib ya goge hannu a jikin riga.
Ya daɗe yana gogewa.
"Ba na sayarwa," in ji shi.
Ya sauko da ita, ya zuba ƙwaya, ya miƙa.
"Niƙa mana. Ni ba ta taɓa sabawa da hannuna ba."

Ta murza. Ƙarar ta fito, irin ta da.
Ɗakin ya yi tsit, har cokula.

Yanzu akwai gurbi a saman kabad,
'yar da'irar da ƙura ta kewaye.
Ragib bai sa komai a wurin ba.
Munevera ce ma ke hana a goge.