Nauyi Gaba, Iska Baya

A ɗakin ƙasa, a garin Leszno,
inda bututun ɗumama gida ke tari cikin dare,
Bogumil ya shimfiɗa zane a tebur,
ya danne shi da kofi biyu da guduma.
Rokar da yake so ba ta da kyan tsayi:
kai kamar tulu, ƙugu irin na zanzaro,
fikafikai huɗu, kowanne bai fi farce ba.
Kashi ɗaya cikin arba'in na girman uwarta,
kuma ya rantse ba zai ƙara mata ko kaurin gashi ba.

Jikarsa Halszka ta ce, "Kaka, wannan ba za ta miƙe ba."
Ya ce, "Ke ma ranar da kika fara tafiya haka aka ce."

Ya yanko siffarta a kwali,
ya ɗora a kaifin rula har ta daina rinjaya:
nan iska za ta kama ta.
Ya ɗora ita kanta a yatsa:
nan nauyinta ya kwanta.
Alama biyu da fensir,
kuma ta nauyi ce a baya.
Ya cire tabarau. Ya daɗe bai ce uffan ba.

Dokar ba ta da tsawo:
nauyi gaba, iska baya,
kaurin jiki ɗaya a tsakani.
In aka saɓa, wutsiya sai ta nemi sarauta.

A tsakar gida, ƙanƙara har idon sawu,
ya ɗaure ta da zare yana wulwulawa bisa kansa.
Ta juya masa baya,
ta yi ta zagaye da gindi,
maƙwabciya na dariya ta bayan labule.

Sai ya buɗe gwangwanin marigayi ƙanensa,
dalmar fatsa, mai warin kogi har yau.
Ɗaya a hanci. Biyu. Uku.
A ta huɗu ta miƙe,
amma sikeli ya ce injin ba zai ɗauka ba.

Halszka ta yanko murfin kwalin kek,
roba garau kamar ruwan sha,
ta fitar da fikafikai masu faɗin tafin hannu.
"Ƙarya ce," in ji shi.
"Ƙaryar da ake gani ta cikinta?" in ji ta.
Ya zare dalma biyu ya mayar gwangwani.

Ranar Asabar, a gefen filin jirage,
yatsunsa sun ƙi lanƙwasuwa don sanyi,
ita ta danna.
Tulun ya tashi, ya yi layi sau ɗaya
kamar mai tunanin komawa,
sannan ya tsaya a kan magana.

Lema ta buɗe can bisa gonar dankali.
Sun same ta da tsaga a hanci, laka a ƙugu.
Bogumil ya shafa fiffiken da ba ya gani,
ya ce a rage masa rabin yatsa.